Goggo da Matan Cikin Akwatuna

Daga Allah muka zo, wurinsa kuma za mu koma, Goggo ta riga mu isa. Ranar Talata da hantsi ta cika a asibiti, ba a yi mata sutura ba sai Alhamis, don a garin nan ko gawa sai ta jira takarda. Kwana uku muka zauna karɓar gaisuwa a flat ɗinta na unguwar Catford a London, hawa na biyu, ɗaki ɗaya da falo. Maza a falo, mata a ɗaki da kicin, takalma sun cika matattakala har maƙwabcin sama ya sauko ya yi magana, da aka ce masa rasuwa aka yi ya koma bai ƙara cewa komai ba.

Ni 'yar wanta ce. Sunan mahaifiyarta aka sa mini, shi ya sa tunda nake ba ta taɓa kiran sunana ba, Uwata take ce mini. Goggo ba ta haihu ba, don haka ni na zauna a mazaunin 'ya, ni ake miƙa wa hannu, ni ake ce wa sai haƙuri. Na amsa har muryata ta dushe.

Baffa, ƙaninta, ya taso daga Kano. Duk wanda ya shigo abu ɗaya yake faɗa masa: "Yaya mace ce mai zafi, amma ba ta da riƙo." Rabin maganar gaskiya ce. Maƙwabciyarta 'yar Ghana ta zauna a ƙofar kicin tana kuka tana cewa da Hausarsu ta zango, "Hajiya ya tafi. Wa zai karanta mini wasiƙar hukumar council yanzu?" Matan masallaci suka ce ba ta wasa da salla, kuma haka ne. Wata ta ce ta iya miyar kuka, wannan kam kara ce kawai aka yi wa mamaciya. 'Yata ƙarama ta ja ni gefe ta tambaye ni da Turanci ko an yarda ta yi kuka da ƙarfi. Na ce ta yi a hankali.

A rana ta biyu wata tsohuwar Baturiya ta hawo benen tana dogara sanda, da furanni a hannunta, an ɗaure su da zare mai launi uku, shunayya da fari da kore. Ta ga takalma ta cire nata. Babu wanda ya san yadda za a yi da furannin, na karɓa na sa a bokiti a kicin. Aka ba ta kujera kusa da Baffa. Ta ce tare suka yi aiki da Goggo shekara da shekaru, kuma har yau ba a yi wanda ya san akwatunan nan kamar ta ba. Baffa ya yi mata godiya da Turancinsa mai kyau. Bayan ta tafi ya juyo ya ce mini, "Waɗanne akwatuna take nufi?"

Ciki ɗaya suka fito, kuma bai sani ba. Ban ga laifinsa sosai ba, a gida abin da aka sani shi ne Goggo tana aiki a jami'a a London, shi ke nan. Na so in ba shi amsa a lokacin, na ji ba ni da ƙarfin da zan fara. Sai yanzu da aka watse, aka nannaɗe tabarmi, na zauna zan faɗa.

Goggo ta zo ƙasar nan ne da mijinta, ma'aikacin gwamnati da aka turo karatu. Kafin su taho ta yi makarantar horon malamai, har ta koyar shekara biyu. Da ya gama ya koma, ita ba ta bi shi ba. Abin da ya shiga tsakaninsu ba ta taɓa faɗa mini ba, ni ma ban tambaya ba. Aikin da ta fara samu shara ce da goge-goge a ɗakin karatu na wata jami'a a Aldwych. A nan, a cikin akwatuna, ake ajiye takardun matan Ingila na da, waɗanda suka yi rubutu da gwagwarmaya don a ba mace haƙƙinta: wasiƙunsu, littattafansu, tutocin da suka ɗinka da hannu, har da 'yan takardun da suka rubuto daga kurkuku. Wata rana Baturiyar nan mai furanni, lokacin tana da ƙuruciyarta, ta tarar da Goggo ta jingine tsintsiya tana karanta wata wasiƙa da aka baje a ƙarƙashin gilashi. Goggo ta ɗauka korarta za a yi. Matar ta ce, "Kina iya karanta wannan rubutun? Ni sati biyu ina fama da shi." Goggo ta karanta mata tas. Ta ce ai wanda ya saba da rubutun malaman allo, rubutun wata Baturiya mai gaggawa ba zai gagare shi ba. Daga nan aka fara ba ta aikin jera takardu, a hankali har ya zama aikinta, ta yi kusan shekara talatin a kai.

Ba ta kiransu da sunayensu. Laƙabi ta sa musu, kamar matan unguwa. Akwai Mai Tawada, wadda ta rubuta tun fiye da shekara ɗari biyu cewa ba hankali mace ta rasa ba, karatu aka hana ta. Akwai Uwar 'Ya'ya, wadda mijinta ya kwashe mata yara ya hana ta ganinsu, doka kuma tana bayansa, ta yi ta rubutu har aka taɓa dokar. Akwai Masu Guduma, masu tuta shunayya da fari da kore, waɗanda suka gaji da roƙo suka shiga fasa gilasan shaguna don a ba mata ƙuri'a, aka ɗaure su, suka ƙi cin abinci, aka riƙa danne su ana zura musu roba ta hanci ana ɗura musu. Idan ka shigo gidan kana jin Goggo tana magana a kicin, sai ka ɗauka wata maƙwabciya ce ta ɓata mata rai. "Mai Tawada dai ba ta iya zaɓen maza ba," haka za ta ce tana yanka albasa. "Ilimi har ilimi, amma an zo wajen namiji sai ka rantse ba ta taɓa buɗe littafi ba."

Tana da wata magana da take yawan yi, musamman idan matan masallaci sun ce mata me za ta tsinta a wajen Turawa. Takan ce, "Ku kun san a ƙasar nan a da, in mace ta yi aure, ko zanen jikinta na miji ne? Mu addini ya ba mace dukiyarta tun tuni. Su ba a rubuta musu ba, suka tashi suka sa aka rubuta. Mu an rubuta mana, muka bari aka ajiye littafin a saman kabad." In ta faɗi haka sai a yi dariya a canza zance. Ba ta damuwa. Gobe ma za ta sake faɗa.

Bayan sallar asuba ba ta komawa barci. Takan zauna a teburin kicin da shayi ba madara da littafin rubutu irin na 'yan makaranta, tana juya littafin Mai Tawada zuwa Hausa. Babu wanda ya sa ta, babu wanda ya ce zai buga. Kalma ɗaya takan riƙe ta sati guda. Ta taɓa bugo mini waya ina tsakiyar aiki a kantin magani a Stratford, layi har bakin ƙofa, wai in gaya mata bambancin mutunci da daraja. Na ce, "Goggo, mutane na jira." Ta ce, "Ni ma ai jira nake."

Alherin da ta yi mini wanda ba zan iya biya ba, lokacin mutuwar aurena ne. Ba zan tona abin da ya wuce ba, uban 'ya'yana ne. Abin da zan faɗa shi ne, wata safiya na ga takarda a cikin na'urar buga takardu ta gidan, ya yi booking ɗin jirgi, kujera uku, shi da yaran biyu, tafiya ba dawowa. Na duba inda nake ajiye fasfo ɗinsu, babu. Na zauna a ƙasa. Na kira gida, aka ce in yi haƙuri, ai 'ya'ya na uba ne, kada in kai mijina gaban Turawa in ja wa dangi abin faɗa. Sai na kira Goggo. Kuka kawai nake. Ta ce, "Uwata, ɗora ruwan zafi, ga ni nan."

Daga Catford zuwa Stratford tafiya ce, ga gwiwarta tun lokacin ta fara ciwo. Ta iso da lema da jakarta baƙa. Ba ta rarrashe ni ba. Ta karanta takardar sau biyu, ta ninke, ta ce in sa mayafi. Ranar ba mu dawo ba sai da muka ga lauya, kafin sati ya zagayo kotu ta hana a fitar da yaran daga ƙasar. Wata bakwai aka yi ana shari'ar, kuma ba a yi zama ɗaya da Goggo ba ta je ba. Ba a barinta ta shiga ciki, sai ta zauna a benci a waje da carbinta. Dangi suka yi mata ca, Baffa ya kira ta ya ce ita ce ke zuga ni, don ita ta kashe nata auren take so ta kashe na kowa. Ina zaune na ji ta ce masa, "Auren ya mutu tun kafin in zo. Ni gawar na tarar. Yaran ne ke da rai." Ta kashe wayar.

A ɗaya daga cikin zaman, na fito na ce mata na gaji, zan bar masa, in ya so Allah ya haɗa mu da su wata rana. Ta matsa ta ba ni wuri a bencin. A nan ta ba ni labarin Uwar 'Ya'ya daga farko har ƙarshe, yadda take tsayawa a titi ko za ta hango yaranta ta taga, yadda ɗaya ya rasu ba ta kusa. Ta ce, "Ita ba ta da ƙofar da za ta ƙwanƙwasa. Ke ga ƙofa an buɗe miki, alƙali na zaune yana jiranki, kina ce mini kin gaji. Kowa ma ya gaji. Tashi ki koma." Na tashi na koma. Yaran suna hannuna har yau, suna zuwa wurin ubansu lokacin hutu.

Da wannan a tsakaninmu, kunya ce in faɗi abin da na yi mata daga baya, amma in na ɓoye shi hoton bai cika ba. Wata ƙaramar salla ce, muna cin abinci a gidanta. 'Yata babba ta ce an ba su aikin makaranta a kan matan da suka nemi ƙuri'a. Goggo ta ajiye cokali, fuskarta ta haskaka, ta tashi za ta ɗauko littattafanta. Ni kuwa na yi kwana shida a jere ina aiki, ranar da ta gabata wata mata ta ƙi karɓar magani daga hannuna, ta ce a kira mata wani. Abin yana cina. Sai na ji bakina yana cewa, "Goggo, don Allah a bar yarinya ta ci abinci. Matan nan ba don mu suka yi ba. Lokacin da suke neman ƙuri'a mazansu na mulkin ƙasarmu, wace ce a cikinsu ta ce uffan? Kin ƙarar da rayuwarki kina goge ƙurar mutanen da ko kofi ɗaya ba za su sha ruwa da ke ba."

Goggo ta tsaya da littafin a hannu. Ta mayar da shi inda ta ɗauko, ta dawo ta zauna, ta ƙarasa abincinta. Da za mu tafi ta ba yaran goron salla, ni kuwa ta ce mini, "A sauka lafiya." Ba ta ce Uwata ba.

Wata takwas ba ta ɗaga wayata ba. Na je sau biyu, ta buɗe ƙofa, ta amsa gaisuwa, ta ba ni ruwa kamar baƙuwa. Na aika maƙwabciyarta 'yar Ghana ta ba ta haƙuri, ta dawo ta ce, "Hajiya ya ce ya ji." Har na fara sabawa, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Sai wata Asabar da rana aka buga ƙararrawa, na buɗe na gan ta tana haki, ta hawo bene uku. Ta zauna ba ta cire mayafi ba.

Ta ce, "Abin da kika faɗa gaskiya ne. Abin da ya ɓata mini rai, da kika ɗauka ban sani ba."

Na sunkuyar da kai.

Ta ce, "Ni na buɗe akwatunan nan ɗaya bayan ɗaya. Akwai ranar da na karanta wasiƙar wata da nake ƙauna, wadda aka ɗaure sau uku. A ciki ta yi maganar baƙar fata, irin maganar da ba zan maimaita miki ba. Na shiga banɗaki na yi kuka. Na wanke fuska na dawo. Babu kowa a ɗakin, da na so da na cusa takardar a inda ba za a ƙara ganinta ba sai bayan shekara ɗari. Na ba ta lamba, na rubuta abin da ke ciki, na sa ta a inda duk mai nema zai samu." Ta murza gwiwa. "Ban ce waliyyai ba ne, Uwata. Mata ne da aka matsa wa suka ƙi yin shiru, kuma idonsu bai ga kowa da kowa ba. Mu ma muna da namu malamai mata da suka bi ƙauyuka suna karantar da mata tun kafin Bature ya zo, na san da su. Da takardunsu aka ba ni in jera, da na fi murna. Waɗannan Allah ya sa a gabana."

Na ce ta yafe mini. Ta ce, "Na yafe tun a bas. Akwai abinci a gidan nan?"

Bayan ta yi ritaya jiki ya fara ja da baya. Sukari ya taɓa mata ido, rubutun ya riƙa girma a shafi, layi yana hawa kan layi, har ta daina. Fassarar ba ta ƙare ba, ta tsaya a wajen kashi biyu cikin uku. Na ce ta riƙa faɗa ina rubutawa, muka gwada sau biyu, ta ce hannuna ya fi tunaninta sauri, a bari. A shekarun nan na ƙarshe ba ta cika maganar matan ba. Takan zauna a bakin taga tana sauraron rediyo, in an faɗi labarin wata da mijinta ya kashe, ko 'yan mata da aka hana makaranta a wata ƙasa, sai ta kashe rediyon ta ce, "Har yanzu dai." Wani lokaci ta ƙara da, "An yi ta rubutu, an yi ta rubutu." Ban taɓa jin ta ce aikin banza aka yi ba, amma na ga gajiyar a zamanta.

Fitarta ta ƙarshe da ba ta asibiti ba, ranar zaɓe ce. Goggo ba ta taɓa barin zaɓe ya wuce ta ba, ko na kansila ne, kuma kullum sai ta ci ado kamar mai zuwa ɗaurin aure. Na ce mata ana iya yi ta gidan waya, ta ce ita ba wasiƙa ba ce. Na ɗauki hutun rabin yini, na ɗaura mata ɗankwali, ni da maƙwabciya muka sauko da ita a hankali muka sa ta a keken guragu. A wata makarantar firamare ake yi, ana yayyafi. Da muka shiga ma'aikaciyar wurin ta ce tunda ba ta gani sosai, an yarda in taya ta. Goggo ta ce a'a. Na karanta mata sunayen daga sama zuwa ƙasa, ta ce in juya baya. Na juya. Ina jin numfashinta, ina jin fensir yana neman wuri a kan takarda. Ta daɗe. Mutane suka taru a bayanmu, babu wanda ya yi tsaki. Ta ninke takardar da kanta, na tura ta har gaban akwatin, ta laluba bakin da yatsa ta saka.

Da muka fito na buɗe lema na tsuguna ina gyara mata bargo a ƙafa. Ta kama hannuna ta ce a hankali, "Allah dai ya sa ba maƙaryacin nan na dangwala wa ba." Muka yi dariya har ta sarƙe da tari. Da tarin ya lafa ta jingina kai ta rufe ido. Ta ce, "Kai ni gida, Uwata. Na gaji."

Sati biyar bayan nan aka kwantar da ita, ba ta ƙara fitowa ba.

Tana da zafi, tana da riƙo, kuma in ta yi gaskiya ba ta san yadda ake sassauta ta ba. Duk wanda harshenta ya taɓa, ina roƙonsa ya yafe mata don Allah. Ya Ubangiji, baiwarka ta zo maka a gajiye. Ka yalwata mata makwanci, ka haskaka mata shi, ka ba ta hutun da ba ta samu a nan ba. Mu da muka rage, ka sa mu cika da imani.